Kwanon da Bai Daskare Ba

Ladan bai gama kiran assalatu ba Assu ya hau saman soro, ya tsugunna gaban kwanon, ya tsoma yatsa. Ruwa. Ko 'yar fatar ƙanƙara babu a samansa. Ya ƙara tsoma hannu har wuya, sannan ya ɗaga kai ya dubi dutsen da ke bayan ƙauye, ya yi wani murmushi wanda ba na alheri ba.

Gidansu ne na ƙarshe a Agunsan, daga shi sai tsaunukan Atlas, kuma tun kakan kakansa gidan ne ke ajiye kwanon. In hunturu ya zo ƙarshe, ana cika shi da ruwa da magariba a bar shi a sarari. Aka wayi gari ya daskare, to dusar ƙanƙarar da ke kwance a kwazazzaban sama ita ma ta kama jikinta, makiyayi ya wuce, mai sulu, mai wasan zamewa a kan dusa da katakai a ƙafa, ya hau abinsa. In kuwa ruwa ne, dusar ta kwana a jiƙe, ta yi nauyi, uzuri kawai take jira ta zaftaro. Wanda ya duba kwanon dole ne ya faɗa wa duk mai niyyar hawa, ko da maƙiyinsa ne. Yanzu kowa na da waya mai faɗin yanayi, an daina tambaya. Assu dai bai taɓa fasa cikawa ba.

Shekara bakwai yana jiran ranar da abu biyu za su haɗu: kwano ruwa, Idir kuma yana cikin gari. Yau sun haɗu.

Wancan karon ma ƙarshen hunturu ne. Lokacin Assu ne babban jagoran masu sulu a kwarin nan, ba takarda ba komai, ƙafa ce da ido. Idir kuwa yaro ne ɗanye, ya dawo daga makarantar jagorori da lamba a ƙirji da baƙi biyar daga ƙetare, yana son ya kai su kwazazzabon da ake kira Maƙogwaron Akuya. Assu ya duba kwano ya tarar da ruwa. Da yake shi mutum ne mai kara, bai so ya kunyata yaron gaban baƙinsa ba, sai ya ja shi bayan gida ya faɗa masa a kunne. Idir ya ce ya ji, za su tsaya a ƙasa-ƙasa su yi wasa kawai. Assu ya tsaya ɗaura kaya, kafin ya riske su an riga an haye, Idir kuma ya tura Baha, ƙanen Assu, ya fara sauka ya gwada hanya. Kwana goma sha ɗaya aka yi ana haƙa kafin a sami Baha.

Da dattawa suka zauna, Idir ya dafa ƙirji ya ce Assu ne ya gaya masa kwano ya daskare. Wa zai ƙaryata? Bayan gida aka yi maganar, ba wanda ya ji. Aka hana Assu jagoranci har abada, ya koma jan alfadara yana ɗaukar wa wasu kaya. Wannan duk ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa yana nan ƙasa, bakin murhu.

Ya sauko ya tarar da mahaifiyarsa Tuda tana juya gurasar sha'ir a kan kasko, ta duƙufa, idon nan da ya kusa mutuwa yana ƙifta wa hayaƙi.

"Inna, ina kwana?"

Tuda ba ta juyo ba. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan alfadararsa ta tsinke igiya."

Su biyu ne kaɗai a gidan. Haka take yi tun ranar da aka binne Baha: ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba, tana dafa masa abinci, amma sunansa bai ƙara fita daga bakinta ba. Assu, mai shekara hamsin da biyu, gemu ya yi fari, abin da yake nema a duniya bai wuce tsohuwar nan ta kira shi da sunan da ta raɗa masa kafin ta mutu ba. Kuma ya riga ya yi lissafinsa. In ya faɗi gaskiyar kwano yau a bainar jama'a, Idir ya take ta ya hau, Maƙogwaro ya haɗiye shi, to kowa zai ga irin halin Idir da idonsa. Ita ma za ta gane cewa wancan karon ma haka aka yi.

Ya ɗauki gurasarsa ya fita.

Inda titin mota ya ƙare nan ne shagon Addi mai shayi, kuma nan ake haɗuwa. Tsofaffi huɗu na kan benci sun rufa da bargo, masu alfadarai na sauke kaya daga mota. Ga Idir nan a tsakiya, ya yi ƙiba ya yi kyau, jar riga mai tsada, tabarau a goshi, yanzu shi mai kamfani ne a Marrakesh. Baƙinsa biyu ne, mutanen Kasablanka: Lalla Ghita, likitar yara, da mijinta Si Anwar, wanda ya rataya kyamara mai dogon baki yana ta ɗaukar hoton kaji. Kowace shekara in dusa ta ƙare a sauran tsaunuka Idir kan kawo mutane nan, kuma kowace shekara alfadarar Assu yake zaɓa, da gangan, don mutane su gani su ce ai ba ya riƙo.

"A'a, Dadda Assu!" in ji Idir, ya buɗe hannuwa. Dadda ake ce wa na gaba, amma yadda yake jan kalmar, gara zagi. "Har yanzu alfadarar nan ba ta yi ritaya ba? Ku biyun wa zai riga wani?"

Aka yi 'yar dariya. Assu ya ci gaba da aikinsa. Ya ɗaura katakan sulu biyu-biyu a gefen sirdi, ya ja igiya, ya ƙulle. Sai da ya tabbata Addi ya fito da tiren shayi, kowa ya yi shiru yana hurawa, sannan ya miƙe ya ɗaga murya yadda har matan da ke bakin famfo za su ji.

"Idir ɗan Muha! Kwano bai daskare ba. Na faɗa maka, ga shaidu. Kada ka hau Maƙogwaro yau."

Wani tsoho ya ajiye kofinsa.

Lalla Ghita ta ce, "Wane kwano kuma?"

"Ranki ya daɗe," in ji Assu, ya juya gare ta, bai ko kalli Idir ba, "kwanon ruwa ne na gidanmu. In bai daskare ba, dutsen nan kisa yake yi. Ƙanena yana kwance can bayan masallaci, in kina son shaida. Ku kam baƙi ne, ba ku san komai ba. Shi ma da ya kawo ku, ba laifinsa ba ne, yaro ne, takarda ya karanta. Dutse kuwa ba ya karatu."

Kai! Da Assu ya ɗauki takalmi ya mari Idir da ya fi masa sauƙi. Kunnuwansa suka yi ja. Ya yi dariyar dole ya zaro waya.

"Kun ji mai alfadara zai koya mini aiki. Lalla, dubi nan, ga ma'aunin sanyi na daren jiya. Shekarata bakwai ina wannan sana'a. Mutumin nan da kike gani, dattawan garin nan ne suka hana shi jagoranci, ki tambaye su dalili."

"Wayarka a Marrakesh ta kwana ko a saman sorona?" in ji Assu.

Addi ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya zube masa a hannu. Shi ke nan, an gama. Assu ya san mutuminsa ciki da bai: da a kunne ya faɗa masa, wataƙila Idir ya sami wata dabara ya karkata da baƙinsa wani gangaren. Amma a gaban Addi, da tsofaffi, da matar Kasablanka? Ina! Ko mala'ika ne ya sauko ba zai hana shi hawa ba.

Lalla Ghita ta dubi mijinta ta ce, "Anwar, ni fa ina da 'ya'ya uku. Ba inda za ni."

"Ba wanda ya ce ki hau, Lalla," in ji Idir, yana magana ta cikin haƙora. "Mu je bakin dusar. Ku zauna ku sha rana, ni in hau in sauko a gabanku. In kin gani da idonki, gobe sai mu hau tare. Si Anwar, ka shirya kyamararka."

Dama Assu ba ya son jinin baƙin a wuyansa. Ya ja alfadararsa ya shige gaba.

Tafiyar awa biyu ce zuwa inda dusar ta fara, kuma Assu bai yi wa dabbarsa ko tsawa ɗaya ba, ya bar ta ta tsaya duk inda ta ga ciyawa. Kowane minti da ya wuce rana na ƙara cin dutsen. A ƙasa itatuwa sun fara toho, ƙoramu sun cika suna ruri, iskar kudu mai ɗumi na busowa. Si Anwar sai santi yake, wai bai taɓa ganin wuri mai kyau haka ba.

Suka isa wani faffaɗan dutse a gefen kwazazzabon, inda alfadara ba ta iya wucewa. Daga nan Maƙogwaro ya miƙe sama tsakanin bangaye biyu baƙaƙe, fari fat, ƙunci a sama, faɗi a ƙasa. Assu ya taka bakin dusar, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Ya kasa kunne ya ji ruwa na gudu a ƙarƙashi. Idir ma ya ji, wallahi ya ji, don Assu ya ga yadda ya ɗan tsaya da takalmi a hannu. Amma Si Anwar ya riga ya kafa kyamara.

Idir ya manna fatun hawa a ƙarƙashin katakansa, waɗanda ke hana mutum zamewa baya in yana hawa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya tuɓe jar rigar ya yar a kan dutse, ya ajiye jakarsa ma, wai don ya yi sauri. Da rigar ta faɗi, bakin aljihunta ya buɗe, Assu ya hango 'yar na'urar nan da masu sulu ke ɗaurawa a jiki, wadda in dusa ta binne mutum take kiran 'yan'uwanta a gano inda yake. Fitilarta na ƙiftawa. Ƙa'ida a ƙirji ake ɗaura ta, ƙarƙashin riga, amma malam mai takarda ya jefa ta aljihu da safe don haushi ya hana shi natsuwa.

Maganar ta zo wa Assu har bakin leɓe. Ya ɗauki sandunan sulu ya kai masa, ya tsaya dab da shi yadda baƙin ba za su ji ba.

"Idir. Ka tuna abin da na gaya maka a bayan gidanmu?"

Idir ya sauke tabarau kan idonsa, ya yi murmushi. "Na tuna mana, Dadda. Ka ce ruwa ne. Ni da kai kaɗai muka tuna, kuma haka za mu mutu da ita."

Assu ya miƙa masa sandunan. Ya haɗiye maganar na'urar, ya koma ya zauna kusa da rigar, har ya ɗan ja gefenta da ƙafa ya rufe aljihun.

A ba Idir haƙƙinsa, ɗan banzan ya iya. Ya hau yana yanka dusar hagu da dama, zare ɗaya siriri a bayansa, har ya zama ɗigo a can ƙuncin sama. Rana ta kusa tsakiya lokacin da ya ɓare fatun, ya ɗaga sanda ɗaya, ya saki jiki. Juyi na farko, na biyu, na uku, dusa na tashi a gefensa tana ƙyalli, jikinsa na lanƙwasa ba gargada ko ɗaya. Lalla Ghita ta tafa. Assu kansa sai da ya ji tsohuwar sha'awar ta motsa a gwiwoyinsa. Ya ƙirga juyi tara.

A na goma dutsen ya yi wani nishi mai nauyi. Wani layi ya tsage daga bango zuwa bango a saman Idir, duk farin nan ya taso gaba ɗaya. Ba ta da sauri da farko, dusar ƙarshen hunturu ba ta gaggawa, tana tafe tana naɗe kanta da duwatsu da laka. An ga Idir ya karkata zai tsere ta gefe, an ga katako ɗaya ya yi sama. Daga nan ba a ƙara ganin komai ba sai ƙarar da ta sa alfadara ta tsinke ta bazama gida.

Da ta lafa, Assu ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, daɗi tsantsa, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Ya ce a ransa, Baha, ka gani? Numfashi uku ya yi cikin wannan daɗin. A na huɗu maganar Idir ta dawo masa. Ni da kai kaɗai muka tuna.

Ya zabura. Mutum ɗaya tak a duniya ya san cewa Assu ya faɗi gaskiya ranar Baha, yanzun nan ya amsa da bakinsa, ga shi can a ƙarƙashin dusar da ta kai tsayin gida.

"Shebur!" ya daka wa Si Anwar tsawa. "Buɗe jakar Idir, akwai shebur da sandar caka! Lalla, kira gari, ki ce Maƙogwaro ya sauko!"

Lalla Ghita ta kunna tata na'urar yadda aka koya mata. Nan take ta fara kuka, tit-tit-tit, da ƙarfi. "Yana kusa! Yana nan kusa!" ta ce, ta bi kibiyar da gudu, taku huɗu, ta tsaya cak a kan jar riga. Ta ɗaga ta, na'urar ta faɗo. Ta dubi Assu. Assu ya kau da kai.

Ba wanda ya san inda Maƙogwaro ke zubar da abin da ya haɗiya kamar mutumin da ya yi kwana goma sha ɗaya yana nema a wurin. Ya nufi gindin bangon hagu ya fara caka sanda, taku ɗaya caka ɗaya. Dusar ta daskare da tsayawarta, tauri kamar siminti. Yana caka yana surutu shi kaɗai: "Kada ka mutu, la'ananne. Kada ka kuskura ka mutu. Ka fito ka faɗa mata, in ya so ka mutu gobe." Da sandar ta taɓa abu mai laushi ya hau haƙa. Bakin shebur ya karye, ya ci gaba da guntun. Guntun ya ƙi, ya sa hannu, farcensa biyu suka fita bai sani ba.

Mutanen gari suka iso da fatanya da barguna, sun ga alfadara ta dawo ba kowa tun kafin waya ta shiga. Suka tarar da shi cikin rami har ƙugu, dusar da ke gabansa ta yi ja. Tare suka kai ga fuskar. Assu ya sa yatsa ya kwashe dusar da ta cika bakin, ya kama kunnuwan yana girgizawa.

"Idir! Ga Addi, ga mutane! Faɗa musu! Me na ce maka a bayan gida?"

Lalla Ghita ta ture shi, ta durƙusa ta yi abin da likita zai yi, ta daɗe tana yi. Daga baya ta zauna a kan dusar ta rufe fuskarta.

Da la'asar aka sauko da shi a kan tsani. Jandarmomi suka zo suka rubuta abin da kowa ya shaida: an gargaɗe shi gaban jama'a, ya ƙi ji. Lalla Ghita ba ta ce komai game da rigar ba, amma da za ta shiga mota Assu ya yi mata sallama, ba ta amsa ba. Tsofaffin benci kuwa har tashi suka yi suka kama hannunsa da aka naɗe da tsumma.

"Ɗan halak ne kai, Assu," in ji Addi, idonsa ya kawo ruwa. "Mutumin da ya yi maka abin da ya yi, ka haƙa masa da farcenka. Wallahi mun ji kunya."

To, ga shi lissafi ya fara fita. Assu ya hau gida zuciyarsa na bugawa kamar yaron da ya ci jarrabawa. Labari ya riga shi isa, ya sani, mata sun shiga sun fita. Ya tarar da ita inda ya bar ta, bakin murhu, hannuwa a kan cinya. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, kin ji abin da ya faru?"

Tuda ta juyo. Karo na farko cikin shekara bakwai ta sa idonta a fuskarsa, ta daɗe tana lalube shi da ɗan ganin da ya rage mata.

"Na ji," ta ce. "An ce ka tsaya tsakiyar gari ka ɗaga murya, har matan bakin famfo sun ji. Kwano bai daskare ba, kada ka hau. An ce sau biyu ka faɗa."

"Haka ne, Inna."

"Ashe kana da baki." Muryarta ba ta ko rawa. "Ashe ka iya ɗaga murya saboda ɗan Muha. Ranar da ɗana zai hau, wa ya ji ka?"

"Inna, na faɗa. Wallahi na faɗa. A bayan gidan nan na..."

"Wa ya ji?"

Assu ya buɗe baki. Daga can ƙasan gari ana jiyo kukan mata a gidan su Idir, inda ake wanke wanda ya ji.

Tuda ta juya ga bango, ta gyara mayafinta.

"A gaya wa wancan abincinsa na cikin tukunya," ta ce.